Gahawar da Aka Tauna a Gonar Dawa

"…lafiya lau, amarya. Ya sanyin damina?"

"Sanyi sai masu tsohon ƙashi. Au, ashe ka sake kwana? Ni da na ji shiru da asuba har na fara wanke turmin gumba."

"Ki mayar da turminki. Sai na ga furfurarki, sannan in yi shawara."

Ramlat ke nan da kakanta Malam Armaya'u, a wani ɗan ƙauye da ke bayan Yasore. Baƙo in ya ji su sai ya riƙe baki, alhali gaisuwarsu ce ta kullum. Ta durƙusa gaban murhu tana juya 'ya'yan gahawa a kasko, shi kuma yana kan buzu yana fama da tarin nan nasa na safe, wanda ba ya sakinsa sai ya kurɓi mai zafi.

Duk yankin nan koko ake sha, masu hali su sha shayi. Gidan Malam kaɗai ake gahawa, kuma gado ce. Mahaifinsa Alhaji Manu ya je Makka a ƙasa, ya daɗe a Sudan yana tsinkar auduga, ya dawo da 'yar tukunya mai dogon wuya da yake kira jabana, da finjalai, da wannan jaraba. Finjalan duk sun mutu, saura ɗaya mai shuɗin fure da ɗan ɓalli a baki. Na marigayiya Mairo ne, kakar Ramlat. Tun da ta rasu ba wanda ya isa ya kai shi baki.

"Ke, juya mana! Kakarki in tana suyar nan har tsuntsaye sauka suke a kan katanga. Ke kau ko kaji guduwa suke."

"Tsuntsayen zuwa suke su ga matar da ta yi haƙuri da kai. Wai ni mi ke cikin baƙin ruwan nan? Sauron da ya cije ka ranar kasuwa har yau bai runtsa ba."

"Gahawar da ta tada jakin Sodangi bayan an haƙa mashi rami?"

"Ta tada shi ya gudu, har yau ana cigiya. Ni dai in ka tashi tafiya ka bar mani finjalin nan, kada 'ya'yanka su ce ba ka faɗa ba."

"Finjalin Mairo? Ga mai wannan ruwan wankin tukunyar? Gara in ba akuya."

Ta kwashe suyar farko a faifai ta huce, ta zuba ta biyu a kasko. Tana cikin neman amsar da za ta kashe bakinsa sai ga wanta Sagiru ya faɗo gidan ba sallama, ido waje.

"Ga su nan! An bugo waya, sun tsallako rafi. Ku shiga dawa!"

Ba wanda ya tambayi su wa. A shekarun nan in an ce ga su nan, ko yaron goye ya san mutanen daji ake nufi. Sagiru ya kwance shanun huɗa ya yi yamma da su. Matarsa Zuwairatu ta suri jinjirinta. Ramlat ta finciki hannun tsoho suka bi ta kafar dangar bayan gida. Ba ta san ta baro takalmanta ba sai da ƙaya ta faɗa mata.

Allah Ya sa dawar bana ta yi tsawo, ta shanye mutum har da hannunsa a sama. Suka kutsa can ciki suka kwanta a kwarin kunya, ƙasa jiƙe, raɓa tana ɗiga musu a wuya. Ta ko'ina ana jin motsin ganye, maƙwabta ne kowa yana neman inda zai lafe. Can kuma sai shiru, irin wanda mutum ke jin bugun zuciyarsa a kunne. Daga nesa, gurnanin babura.

Tsoro ya kama Ramlat, tsoro na gaske. Sai ta ji ƙirjin kakanta ya yi wani kurrr. Ta waiwaya. Ya cusa bakin rigarsa a baki, idanunsa sun firfito, kafaɗunsa suna tsalle. Innalillahi! Tarin ne. Yau bai kurɓi komai ba, ga raɓa, ga gudu. Kuma tarin Malam ba na wasa ba ne, in ya ɓarke har masallaci ana jin sa.

Zuwairatu ta dube shi, ta dubi jinjirin da ta toshe wa baki da nono, hawaye suka zubo mata. Tsohon ya gani.

Ya jawo kan Ramlat ya raɗa mata a kunne. "Amarya, yau dai kin yi sa'a. Gumbarki ta zo."

"Mi kake nufi?"

"Zan rarrafa in koma gida. In sun iske ni kan buzuna ina tarina, tsoho ne shi kaɗai. In na yi shi nan, duk na tona ku."

Ya yunƙura. Ta damƙe gefen rigarsa da hannu biyu. Ta so ta ce don Allah Kaka kada ka tafi, amma ta san shi sarai. Da ta yi kuka zai shafa kanta ya tafi abinsa, don shi ba a taɓa cin sa da magiya ba. Abu ɗaya ne ba ya iya juya wa baya, a faɗa mashi magana ya tafi bai rama ba.

"Ka ji maƙetaci," ta raɗa. "Yanzu za ka mutu, geron bana bai nuna ba? Da tsohon gero mai ƙwari za a yi mani gumbar? Wallahi ban yarda ba."

"Sake ni, ja'ira."

"Kuma wa ya ce maka suna so? Su da ke neman abin da za a fansa. Kai in sun ɗauke ka, kafin azahar za su dawo da kai su haɗa mana da goron ban haƙuri."

Ya tsaya a kan gwiwoyinsa. Ko a cikin wannan hali sai da ya harare ta. "Ni? Ni da 'yan matan Batsari ke yi mani layi ranar kasuwa?"

"Layin kallon mai haƙori uku."

"Huɗu ne."

"Ɗayan yana girgiɗi, ban ƙirga shi ba."

Kurrr! Ƙirjin ya sake tasowa, ya fi na farko. Ya dunƙule, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Baburan kuwa sun matso, ana jin su a burtalin da ya bi ta gefen gonar. Ramlat ta kai hannu za ta kamo bakin zaninta ta toshe mashi baki, sai ta ji ƙulli, da ɗumi-ɗuminsa. Ita kanta ba ta san sa'ad da ta juye faifan nan a haɓar zani ta ƙulle ba. Ta bar waya, ta bar takalmi, ta gudo da gahawa.

Ta kwance da haƙori, ta ɗebo ta tura mashi a baki. "Tauna."

Ya girgiza kai. Shi a duniyarsa gahawa dakawa ake, a dafa da citta, a zauna a sha da natsuwa. Taunawa aikin awaki ne.

"Ka ce huɗu ne. To nuna mani aikinsu."

Ya tauna don haushi. Ɗacin ya cika mashi baki, yawu ya taru, ya haɗiye. Ya sake haɗiyewa. Kafaɗun suka ɗan lafa. Ta ƙara mashi wasu.

"Kin ƙona," ya raɗa.

"Haka nan za ka ci. Wadda ta iya ta gaji da kai ta tafi."

"Mairo ko a cikin duhu ta soya…"

Bai ƙarasa ba. Babur ɗaya ya mutu a bakin gonar, sai na biyu. Kusa ƙwarai, har suna jin ƙarfen bindiga yana bugun jikin babur, suna jin wani yana kakkaɓe wando. Zuwairatu ta runtse ido, leɓunanta suna motsi. Ramlat ta kifa fuskarta a ƙasa, hannunta ɗaya a kan bakin kakanta, tana jin muƙamuƙinsa yana aiki a hankali a ƙarƙashin tafinta.

"Kai, tsaya," in ji wata murya. "Mi ke ƙanshi haka?"

Ramlat ta shaƙi iska. Ƙanshin gahawa! Abin da ta ɗauka magani ne, shi zai tona su. Ta matse ƙullin a tsakanin cinyoyinta, ta danna shi cikin laka. Ganyen dawa ya yi ƙara, mutumin ya sako ƙafa kunya ta farko. Ta ji ƙirjin tsoho yana cika yana cika. Ta lalubo kunnensa, ba ta ma san mi take faɗi ba.

"In ka yi tari na sake ka. Saki uku. In auri Sodangi."

Muƙamuƙin ya tsaya cak. Sannan ya haɗiye, da ƙyar, kamar mai haɗiyar tsakuwa.

"Daga gari ne," in ji ɗayan. "Ba ka ga hayaƙi can ba? Wani abu suka bari a wuta. Mu je, an wuce mu."

Kaskon nan ne da ta bari a kan murhu, suya ta biyu tana ta babbakewa, hayaƙinta ya turnuƙe bayan gida. Ƙafar ta janye. Baburan suka tashi.

Ba su motsa ba. Suna kwance suna jin ana dukan ƙofofi a gari, awaki suna kuka, an harba bindiga sama. Duk sa'ad da ƙirjin ya motsa sai ta tura mashi wasu, yana taunawa yana yatsina fuska, har ƙullin ya kusa ƙarewa. Rana ta take tsaka kafin gurnanin ya koma ta inda ya fito, ya yi nisa, ya ɓace. Sai can suka ji muryar Sagiru yana kiran sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya, ana amsawa daga cikin dawa. An kore awaki, an kwashe abin da aka kwashe, amma duk wanda aka kira ya amsa.

Nan fa Malam Armaya'u ya saki tarin da ya riƙe tun hantsi. Kai, tari! Sai da tsuntsaye suka watse daga kan dawa, jinjirin Zuwairatu ya tsala ihu. Ramlat ta zauna dirshan a cikin laka tana bubbuga bayansa, tana kuka wiwi, ba kunya.

"Kukan mi kuma?" in ji shi da ya samu numfashi, bakinsa baƙi ƙirin da gari. "Na gumbar da ta kuɓuce?"

"Shi ne mana. Da mi kake tsammani?"

"Sodangi kau! Duk mazan garin nan ki rasa wanda za ki tsorata ni da shi sai mai wuyan zalɓe?"

"Ai ya yi aiki."

"Kuma kin ƙona mani gahawar da aka kawo tun daga Katsina. Kin gudo ba takalmi kamar mahaukaciya. Wa ya taɓa gudun ceton rai da 'ya'yan gahawa a zani?"

"Kai da mi ka gudo, mai hankali? Ina hularka? Ina carbinka?"

Ya shafa kai, ba hula. Sannan ya sa hannu a aljihun gaba, ya daɗe yana lalube, ya fito da shi. Finjalin Mairo ne, da shuɗin furensa da ɓallinsa, ko tsagewa bai yi ba. Zuwairatu da hawaye a fuska sai da dariya ta ƙwace mata.

"Ka ga mahaukata biyu," in ji Ramlat.

"Ɗaya dai ta fi." Ya juya finjalin a hannu, ya goge shi da bakin riga. "Ranar da aka kawo kakarki gidanmu, Baba ya zuba mata a cikin wannan don ya gwada ta. Ta kurɓa, ta ce Alhaji wannan ai hukunci ne. Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ni kau ina gefe ta ƙure ni. Tun daga ranar ba a sake faɗa mani magana na rasa amsa ba, sai yau." Ya kamo hannunta ya ɗora mata. "Kin ci, amarya. Ungo gadonki tun ina gani. Yanzu ba ki da sauran abin jira, sai ki ƙyale ni in yi kwanana."

Ramlat ta riƙe shi da hannu biyu. Ta dubi tsohon, laka har gemu, ta ja majina.

"Na karɓa. Amma ka sani, daga gobe a cikinsa za ka riƙa sha, kuma aro ne. Kullum da safe sai ka roƙe ni."

"Har yaushe?"

"Sai ka ga furfurata. Ai kai ka faɗa. Tashi mu je in ga abin da suka bar mana na suya."