Ranar da Na Mayar da Muryar Alhaji ta Ɓera

Ko yau aka tashe ni daga barci, ba zan taɓa mantawa da walimar auren abokina Sani a Bungudu ba.

Lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu a Gusau, kwamfuta ɗaya gare mu, kuma ni ke taɓa ta. Sai wani ɗan uwana da ke jami'a ya kawo mini faifai, ya ce manhajar gyaran sauti ce, kyauta, kowa na iya kwafa ya ma gyara ta. Murna kamar an ba ni kujerar Makka. Na buɗe bayanin da ya zo da ita, na tarar masana ne suka rubuta wa 'yan uwansu masana. Babu inda aka ce "fara danna nan". Na karanta har ƙarshe ina gyaɗa kai (ban gane komai ba, amma maigidana na kallona).

Mahaifin Sani yana Madina a lokacin, bai samu zuwa ba, sai ya aiko kaset na nasiha da addu'a a sa wa jama'a. Kaset ɗin na ta shuuu kamar ruwan sama a kan kwano.

Na ce, "Kawo shi nan. Kwamfuta za ta wanke shi tas."

Sani ya ce, "Ka tabbata?"

Na yi dariya irin ta manya.

Na haɗa rikoda da kwamfuta, muryar ta fito a allo kamar zanen duwatsu. Na yi ta danne-danne har zanen ya yi kyau. Da na zo adanawa, manhajar ta nuna mini lambobi biyu, ƙarama da babba, ta ce in zaɓa. Na koma bayanin, ya yi magana a kansu kamar kowa da saninsu aka haife shi. Na zaɓi babbar, don a ganina Alhaji ya fi ƙarfin ƙaramar lamba. (Kwamfutarmu ba ta da sifika, saboda haka da ido kawai na saurari aikina.)

Ranar walima na rungumo kwamfutar a gaban mota tun daga Gusau, na sha babbar riga. Aka tada janareta, mai lasifika ya jona wayarsa. Dattawa sun cika tabarmi, har da baƙi daga Tsafe, mata na cikin gida suna jira. Na karɓi makirfo na yi jawabi a kan zamani, sannan na danna.

Jama'a, Alhaji ya yi sallama da muryar ɓera. Siririya, da gudu, ko numfashi babu. Na danna wani wuri, ta ƙara ƙarfi. Abin da ya fi kashe ni, da ya shiga addu'a dattawan nan ba su fasa ba, suka bi shi a guje: "Amin-amin-amin!" Liman ya duƙar da kai, kafaɗunsa na rawa.

Sai muryar Hajiya, mahaifiyar Sani, daga zaure: "Sani, mi ya samu babanka can? Ciwo shi kai ba ku hwaɗa min ba?"

Sani ya nuna ni da yatsa. Na nemi inda zan shige cikin babbar rigar nan na rasa. Ƙarshe kaset ɗin asali aka sa, da shuuu ɗinsa da komai, Hajiya ta ji mijinta lafiya lau.

Sai da ɗan uwana ya dawo hutu ya gaya mini lambar nan ita ke riƙe da saurin murya. Layi ɗaya da sun rubuta shi, da mutuncina na nan. Na zauna na rubuta wa masu farawa bayani da Hausa, na liƙa a bangon shago. Ga abin da na fara sawa: kafin ka tara jama'a, ka ari sifika.