Zaren Kaset a Reshen Tumatir

"...to ya ƙafar, amaryata? Har yanzu tana miki gardama?"

"Ƙafa lafiya lau. Miji ne dai Allah bai ba ni na kirki ba."

Haka Yayana da Kaka suke gaisawa. Ina zaune a ƙofar baranda ina yanke farce, na gyara zama don na san yau akwai kallo. Yayana mai gyaran firji ne, amma da ya tashi aiki ba shi da zance sai na shafinsa na intanet, inda yake rubutu a kan tsofaffin waƙoƙi: wa ya rera, da wane kiɗa, me ya sa amshin yake maƙale wa mutum a kai. Ita kuwa Kaka tana da kwali guda na kaset ɗin da marigayi Kakanmu ya bari, kuma tun da ta fara shuka tumatir a bokitai ta gano babu abin da ya kai zaren kaset daɗin ɗaure reshe. Duk reshen da ya sunkuya, waƙoƙi sun tafi ke nan. Yayana ya roƙa, ya yi fushi, ya turo Mama. Kaka ta ce kayan mijinta ne, ba na mai firji ba.

Yau ma ga kaset a hannunta, ta riga ta zaro zaren ya kai tsawon hannu.

"Tsohuwa, ajiye wannan. Kin san abin da kike kashewa kuwa?"

"Na san abin da nake rayawa. Tumatir ana cin sa. Wa ya taɓa ƙoshi da rubutunka?"

"Ana karanta ni har a ƙasashen da ba ki iya faɗin sunansu ba."

"Su wa? Kai ne, da uwarka don kara, da wani bawan Allah da ya ɓace hanya yana neman mai gyaran firji."

"Shi ma ya dawo. Yanzu abokina ne, kullum muna musu a kan kiɗa."

"Allah sarki. Firjinsa ya lalace, ga shi kuma ya gamu da kai."

Ta ƙara da cewa da ma tun yana cikin zani ta san kunnuwan nan nasa masu kama da murfin tukunya ba za su bar shi ya zauna lafiya ba. Ya ce a wajenta ya gada, nata dai ɗankwali ne yake rufa musu asiri. Daga nan ya zaro waya yana wani murmushi da ban yarda da shi ba.

Akwai wata waƙa da Kaka take yi in tana ba shukarta ruwa, ta wani saurayi da ke roƙon tela ya ɗinka masa babban aljihu ya zuba gaisuwar budurwarsa. Baiti ɗaya take yi, ta tsaya a wuri ɗaya, ta ƙarasa da "hm, hm, hm". Kakanmu ne yake rera ta in yana aske gemu. Rediyo ya cinye kaset ɗin tun kafin a haife mu, sunan mawaƙin ma ya ɓace mata, kuma mun san abin yana cin ta ko da ba ta faɗa. Ashe Yayana ya laɓe bayan labule ya naɗi muryarta, ya ɗora a shafinsa, ya tambaya ko akwai wanda ya san waƙar.

Kaka ta dafe ƙirji. "Muryata ka fitar duniya? Haka, ko mayafi babu?"

"Murya ce fa kawai."

"To ka jawo wa kanka. Yanzu maza na can sun yi layi. Da ma hanyar rabuwa da kai nake nema."

"Mutum ɗaya dai ya yi magana a kan muryar. Ya ce ya ɗauka ƙofa ce take neman mai."

"Ƙarya kake, ɗan nema."

"Ga shi nan a rubuce, in karanta miki?"

Ta wawuri silifa. Ya ja da baya yana dariya, ya ce ta tsaya ta ji sauran. Wani tsohon direban babbar mota ya ji muryar, ya ce waƙar nan ita ta raka shi hanya shekara da shekaru, kuma kaset ɗinsa na nan. 'Yarsa ta kwafo ta turo jiya.

Kaka ta ce ba ta ji, ba ta da lokacin shirme, ta juya ga bokitinta. Yayana ya danna wayar.

Kiɗan ya taso da 'yar ƙara irin ta tsohon kaset. Hannun Kaka ya tsaya a kan reshe. Mawaƙin ya yi baitin da muka haddace, ya iso inda take tsayawa kullum, ni har na buɗe baki zan yi "hm, hm". Sai Kaka ta riga mawaƙin. Baiti na biyu ya zubo daga bakinta tas, tela ya ɗinka aljihun, gaisuwa ta yi yawa, aljihu ya yage a tsakiyar kasuwa. Ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba, kuma ina dariya.

Ƙafar da ke gardama ta manta da gardamarta. Kaka ta miƙe tana taka rawa tsakanin bokitai, zaren kaset na lilo a hannunta, Yayana ya shiga yana juyi har ya kifar da butar ban ruwa. Maƙwabciya ta leƙo ta taga tana tambaya ko haihuwa aka yi. Waƙa ta ƙare, Kaka ta ce a sake. Aka sake. Ta ce a kuma.

Da ta zauna tana haki, ta share ido da bakin zani, ta ce ƙura ce. Sannan ta kalli Yayana a kaikaice.

"Direban nan, yana da mata?"

"A gabana kike tambaya?"

"To a bayanka zan tambaya? Mutum ya riƙe kaset shekara da shekaru bai yar ba. Irin wannan ake aure."

"Shi bai shuka tumatir ba ne."

Dariya ta ƙwace mata har da tari. Ta ce in miƙo mata biro. Ta zura shi a ramin kaset ɗin da ta zare, tana juyawa a hankali har zaren ya koma ciki duka, ta hure shi, ta mayar cikin kwali. Sannan ta tura wa Yayana kwalin da ƙafa.

"Kwashe kafin in dawo hayyacina. Gobe ka zo mini da igiya, in reshe ɗaya ya karye kai zan ɗaure a bokiti."

Yayana ya rungumi kwalin kamar jariri, bakinsa har kunne, ya ce a nan akwai rubutun da zai kai shi tsufa. Ya kai ƙofa ta kira shi.

"Mai firji. Wancan da ya yi maganar muryata, ka rubuta masa ƙofa tana gaishe shi."