Rasuwar Wayar da Ta Ƙi Faɗin Inda Nake

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki da ya riga ya gaji, ni direban motar raba kaya nake sanar da 'yan'uwa, abokan aiki da Manaja rasuwar wayata, wadda a sito aka fi sani da Bare. Ta cika ranar Talata a kan teburin mai gyara, bayanta a buɗe, bayan doguwar jinya.

Marigayiya ba 'yar kowa ba ce. Kun san manyan gidaje biyun nan da kusan kowace waya ta fito daga cikinsu. To ita ba ta haɗa jini da ko ɗaya ba. Mijin babbar 'yata ne ya ba ni ita da ya gaji da wasa da ita. Ya ce tsarin da ke tafiyar da ita wasu 'yan tsiraru ne suka haɗa, masu ƙin a riƙa leƙen asirin mutane. Ya faɗi sunan tsarin, na ce ya maimaita, ya maimaita, na ce ya bar shi. Ni dai na san in na kunna ta wani ɗan tsuntsu ke fitowa, tsaye kan ƙafa ɗaya, kamar shi ma ya gaji.

Tana kira, tana amsawa, tana haska mini ƙarƙashin mota. Abin da ya wuce haka ba ta ɗauka. An yi an yi a jefa ni zauren hirar dangi, ta ƙi, kuma ban taɓa yi mata faɗa a kai ba.

Babban alherinta ya bayyana ne lokacin da kamfani ya kawo manhajar bin sawun direbobi. Kowa ya zama ɗigo a allon Manaja. Ka tsaya fitsari, ɗigonka ya tsaya. Ka kauce hanya, a kira ka ofis, kuma an riga an sallami mutum a kan haka. Manaja ya karɓi Bare da hannunsa, ya danna, ya juya, ya kira mai kula da kwamfuta, shi ma ya yi gumi ya bari, manhajar ta ƙi shiga. Ya ce, "Wai wannan waya ce, ko taurin kanka aka sa wa batir?" Na ce duka biyun, ranka ya daɗe.

Ga asirin da ta rufa mini. Yayana, wanda ya koya mini tuƙi, ɓarin jikinsa ya shanye. Matarsa ba ta iya ɗaga shi. Kullum da rana, tsakanin shagunan kasuwa da na bayan gada, nakan karkata gidansa in ɗaga shi, in kai shi banɗaki, in yi masa aski in gemu ya taru, in zaunar da shi bakin taga. Kayan kamfani ba su taɓa kwana a mota ba saboda haka. Marigayiya tana aljihuna duk tsawon wannan lokaci, ba wanda ta faɗa wa. In kira ya shigo sai ta ce ƙurrr-ƙyat, ƙurrr-ƙyat, kamar kwaɗo mai mura. Yaya da magana ta ɗauke masa sai ya yi dariya da rabin baki.

Ciwonta ya fara ne da danginta suka daina aiko mata da gyare-gyare. Surukina ya ce sun watse, kowa ya kama neman abincinsa. Ban ga laifinsu ba. Batir ya kumbura, ta riƙa zazzaɓi, tana suma a tsakiyar kira. Mai gyara ya ce, "Baba, ban taɓa ganin irinta ba, balle in san inda ke mata ciwo." Ya jona ta. Tsuntsun ya fito, ya tsaya, daga nan bai ƙara gaba ba.

Ta bar caja da ba ta shiga wayar kowa, da robar da nake ɗaure bayanta, da layi, wanda tuni aka cusa a sabuwar wayar da kamfani ya ba ni, mai sheƙi, mai kai rahoto. Ta kuma bar ni.

Ba za a kai ta bola ba. Gobe da rana za a sa ta a aljihun teburin da ke gefen gadon Yaya, inda reza da man shafawa suke. Gawa za ta tafi a motar kamfani. Za a yi zaman makoki a can kullum, daidai wannan lokaci, kuma ban sa ranar tashi ba.

Manaja, in ka ga ɗigona ya bar hanya ya tsaya a wani lungu, kada ka wahalar da kanka da kira, gaisuwa nake karɓa. In kora ce, ta same ni a can. Ƙofa a buɗe take. Ka shigo ka kama mini ƙafafun Yaya mu ɗaga shi.