Wayar da Ta Rasu a Bokitin Jiƙa Yadi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni mai ɗinkin da ke jikin shagon mai walda nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayata, baƙa mai tsagewa a kusurwar hagu, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Talata da hantsi, bayan kwana goma sha tara kacal a hannuna.

Ban san asalin marigayiya ba. Na saye ta ne a hannun wani mai jaka a bakin tasha, wanda ya rantse cewa ta matarsa ce, sabuwa ta samu. Araha ta rufe min ido. Da na ga sunan wata mata a cikin saitinta, sai ya ce mai gyara zai goge min shi cikin minti biyu. Tun daga ranar ban sake ganin ko ƙeyarsa ba.

Na shaidi marigayiya da haƙuri. Takan wuni a kan caji ɗaya ba ta koka ba. Duk yadin da aka kawo sai na ɗauke shi hoto tare da takardar awon mai shi, shi ya sa a zamaninta ban taɓa ɗinka wa wata hannun rigar wata ba. In saƙo ya shigo, ƙwal ɗaya take yi cikin ladabi ta yi shiru.

Ciwon ajali ya kama ta ranar Litinin. Ina cikin guga ta tsala wani ihu, wiii wiii, har mai walda ya kashe injinsa ya leƙo. Fuskarta ta kulle, rubutu ya fito: "Wayata ce. Na ga inda take. Ki kira wannan lambar." Na kwafi lambar da alli a gefen teburin yanka, don hannun maɗinki ba ya ganin lamba ya ƙyale.

Na naɗe ta a ƙyalle na garzaya wurin mai gyara. Ya duba, ya ajiye ta can nesa da shi. Ya ce tana ɗaure da asusun mai ita, ba mai kwance ta sai ita, kuma duk hoton da na ɗauka yana isa hannunta, har da wanda na yi a ƙofar shago da allona a bayana. Ya roƙe ni in fita masa da ita, shi mai iyali ne.

Jama'a, na ji tsoro. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai in ji ni aka zo kamawa. Na hango kaina a bayan kanta, ana nuna 'ya'yana ana cewa uwarsu ɓarauniya ce. Washegari da ta sake kwarma ihu a gaban masu karɓar ɗinki, ban san lokacin da na jefa ta cikin bokitin da nake jiƙa sabon yadi ba. Ta yi gurnani sau biyu, ta fitar da kumfa. Ban tsamo ta ba sai bayan azahar. Mai gyara ya tabbatar ta tafi da duk abin da ke cikinta.

Marigayiya ta bar caja ɗaya da ba ta shiga kowace waya a gidanmu, da rigarta ta roba, da ni. Ta kuma bar uwar ɗakinta ta asali, wadda yayata ta tsare ni jiya sai da na kira ta.

Na shirya wa zagi, sai na ji muryar dattijuwa tana sa min albarka. Ta ce a cikin mota aka zare mata ita, ba ruwanta da 'yan sanda. Ba wayar ce ta dame ta ba. 'Yarta da ta rasu bara ta naɗar mata muryarta a ciki tun tana asibiti, kuma babu muryar a ko'ina sai nan.

"Kin dai riƙe min ita da kyau ko, 'yata?"

Na ce, "Tana nan lafiya, Mama."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a ƙofar shagona, lokacin da Mama ta ce za ta iso. An riga an yi wa gawar sutura da farin yadi, ɗinkin hannuna. Ana roƙon masu zuwa su zo da wuri su tsaya kusa da ni. Mai walda zai kawo benci saboda dattijuwar, yayata za ta riƙe mata hannu. Har yanzu ana neman wanda zai fara buɗe baki, domin ɗazu ma Mama ta kira ta ce in daure in sa mata ita a caji, tana so ta saurara a hanyar komawa.