Yadda Za Ka Burge Surukinka Da Ƙaton Murhun Gashi

Kai da kake tsaye gaban shago kana wasiwasi, ko ka ɗauki ƙaramin murhun gashi ko ƙaton nan mai murfi da tayoyi, matso kusa, yau Allah ya haɗa ka da gwani. Ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari kafin rana ta faɗi sunanka ya zagaye unguwa, surukinka kuma ba zai manta da kai ba muddin ransa. Ba cika baki nake yi ba, an gwada an gani.

Wanda aka gwada a kansa shi ne Ashafa, ma'aikacin gwamnati a garin Lafiya, mai sabon gida a unguwar Azuba. Surukinsa Baba Ari ya aiko daga Kwandere cewa ran Asabar zai zo ya ga gidan ya sa albarka. Tsohon nan kuwa tun da ya ba Ashafa 'yarsa Sailuba bai taɓa yaba masa da komai ba, iyakarsa "to, madalla". Abin yana ci wa Ashafa rai ƙwarai. Sai ya rantse a wannan zuwan tsohon zai ci naman da zai riƙa ba da labarinsa a ƙofar masallaci.

Mataki na 1: Ka raina ƙaramin

Mai shago zai fara nuna maka ɗan madaidaici, wanda zai ɗauki kaza da 'yar cinya, ya ce maka ya ishi gida. Kada ka ko kalle shi. Ka ɗaga hanci ka tambaya, "Babu babbansa?"

Haka Ashafa ya yi, aka shiga da shi can ƙuryar shago. Wayyo daɗi! Ga abu baƙi ƙirin yana sheƙi, cikinsa kamar tukunyar biki, murfinsa kamar wata tukunyar aka kifa a kai, ƙafafu uku, tayoyi biyu, har da ɗan agogon auna zafi a goshinsa. Ashafa ya zagaye shi, ya shafa, ya ɗaga murfin ya leƙa ciki ya yi sallama, muryarsa ta dawo masa. Nan take ya ji zuciyarsa ta kwanta. In za ka sha giya, sha ta dubu.

Mai shago ya ce, "Oga, mutum nawa ne a gidanka?"

Irin wannan tambayar hassada ce, ba a amsa ta.

Mataki na 2: Ka nemi shawarar matarka, bayan ka riga ka biya

Mace tana son a yi shawara da ita, kai kuma kana son murhu. Ba sai an yi faɗa ba, kowa ya samu nasa. Ashafa ya bari sai da aka ɗaure murhun a bayan keke mai ƙafa uku, sannan ya kira Sailuba a waya.

"Maman Zuhra, me kika gani game da babba?"

"Baban Zuhra, mu uku ne a gidan nan, ta ukun ma haƙoranta ba su gama fitowa ba. Ga kurfotina nan, in ka ɗora masa waya ai ya gasa wa Baba abin da zai ci."

"Kurfoti! Baba guda zan gasa wa nama a kurfoti? Haba, ki daina faɗa kada maƙwabta su ji."

"To ƙofar fa? Ka dai san..."

A nan ne ake cewa sabis ya ɗauke. Ka iya faɗin "Halo? Halo?" da murya mai ban tausayi, sannan ka kashe.

Mataki na 3: Kada ka auna ƙofa

Awo aikin tela ne. Kai mai gida ne, ƙofa ce ya kamata ta san girmanka.

Gidan Ashafa dai irin sababbin gidajen Azuba ne: an ja katanga, an bi kanta da fasassun kwalabe, wurin babban get kuma an toshe shi da bulo sai hali ya samu. Shiga da fita duk ta 'yar ƙaramar ƙofa ake yi. Da safiyar Asabar aka kawo murhu, aka tura, ya ƙi. Aka karkata shi, ya ƙi. Aka cire murfi, aka juyo da ƙafafu gaba, mai keke na ja Ashafa na turawa, ƙofa ta ce sam ba ta san zancen ba. Sailuba tana daga ciki ta harɗe hannu tana kallonsu.

To ka ga inda gwani yake bambanta da ɗan koyo. Ɗan koyo zai mayar da kaya shago. Ashafa kuwa ya share gumi, ya dubi titi gabas da yamma, ya ce da ma irin wannan murhun ba a ɓoye shi a tsakar gida, iska yake so. Ya kafa shi a ƙofar gida, gindin mangwaro, daidai inda duk mai zuwa bakin titi sai ya bi.

Mataki na 4: Ka zuba naman duka a lokaci ɗaya

Amfanin babba ke nan. Ƙaramin murhu yana sa mutum ya gasa kaɗan ya ajiye saura, wannan kuwa rowa ce da aka yi wa ƙafafu. Ashafa ya juye gawayi ya kai rabin buhu, ya yi fifita har idonsa ya yi ja, sannan ya jera cinyoyin rago, da haƙarƙari, da kaji, da hanta, ya barbaɗe su da yajin ƙuli. Duk da haka da sauran fili a kan wayar, abin har ya ɗan ba shi kunya.

Sailuba ta leƙo ta ce, "In ya yi, ka fara cire na Baba in rufe a kula."

"A kula? Ya huce ya yi laushi kamar dafaffe? Daga wuta sai faranti, haka ake cin irin wannan."

Ya kifa murfi. Hayaƙi ya fara fita ta 'yan hujojin sama, siriri, mai maiƙo, ya bi layi yana shiga gida-gida ba sallama. Awaki suka ɗaga kai. Wani ɗan acaɓa ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa a hankali. Ashafa yana tsaye da dogon cokali mai yatsu, ransa fari fat, har wata 'yar rawa yake yi da kafaɗa.

Mataki na 5: Ka yi tayi, ai ba a amsawa

Ka natsu a nan, domin nan ne ilimin yake. Mutum ba ya tsayawa kan abinci a ƙofar gida a gaishe shi ya yi shiru, sai ya ce "Bismillah". Wanda aka yi wa tayin shi kuma ya dafa ƙirji ya ce "Alhamdu lillahi", ya wuce da yunwarsa. Kai ka fita kunya, shi ya fita kunya, nama yana nan inda yake. A haka Ashafa ya tashi, a haka ya ga iyayensa suna yi. Mutum uku suka wuce, ya yi musu tayi da babbar murya, suka yi hamdala suna haɗiyar yawu. Daɗi ya kama shi, ya ƙara ɗaga murya.

Sai ga maƙwabcinsa Iorhemba, ɗan ƙabilar Tibi ne, malamin makaranta, mutum mai fara'a da faɗin ƙirji, ya fito da ƙannensa biyu, Terfa da Aper, za su gona.

"Oga Ashafa! Kai, kai, kai! Wannan tukunya naka babba ne o! Sannu da aiki."

"Yauwa maƙwabci. Bismillah mana!"

Iorhemba ya tsaya cak. Ya ajiye fartanya. Fuskarsa ta cika da murna irin ta wanda aka yi wa babban karamci.

"Ka kira ni? To na zo. A gidanmu, in ɗan'uwa ya kira ka abinci ka ƙi, ka zage shi ke nan. Ni ba zan zage ka ba, Oga. Terfa, kawo benci. Aper, gaya wa madam ya kawo ruwan wanke hannu."

Me Ashafa zai ce? Ya ce bismillar ta wasa ce? Ya yanko hanta da hannunsa yana murmushin dole.

Mataki na 6: Kada ka hana kowa, sunanka ake ginawa

Kunya aba ce mai son jama'a. Muddin kowa yana hamdala, kowa zai yi. Amma da zarar an ga mutum uku a benci suna tsotsar yatsu, shi ke nan, ta yi fiffike. Waɗanda suka yi hamdala ɗazu suka dawo, wai sun manta ba su tambayi lafiyar iyali ba. Ɗan acaɓan nan ya kashe mashin. Mai kanti ya rufe kanti. Wani ma tsayawa ya yi ya ce a ba shi na ɗari biyar, aka ce masa ai kyauta ne, ya zaro waya ya kira abokinsa.

"Allah ya ƙara arziki, Alhaji!" Ashafa ko filin jirgi bai taɓa zuwa ba, amma ya amsa. Kowace addu'a aka yi masa sai ya ji kansa ya ƙara girma, wuƙa kuma ta ƙara sauri. Ya ce a ransa cinya ɗaya dai ta Baba ce, ba mai taɓa ta. Da aka matsa sai ya ce rabin cinya ma ai ya ishi tsoho. Daga baya ya tuna likitoci sun ce jan nama ba shi da kyau ga masu shekaru, kaza ta fi. Yana cikin wannan tunanin Aper ya miƙo masa ƙashin kazar yana yaba yajin.

Iorhemba kuwa ba ya cin na mutum ya tashi haka nan. Ya aika gida aka kawo doya manya-manya, ya fere da kansa, ya jera a kan wayar da ta zama fili fetal, ya mayar da murfi. "Wuta mai kyau kamar wannan, bai kamata ya mutu banza ba," in ji shi.

Mataki na 7: Ka tarbi surukinka da murfi a rufe

Bayan la'asar keke ya tsaya. Baba Ari ya sauko da sandarsa, dogon tsoho mai farin gemu, manomin doya da ake ji da shi a Kwandere. Ya dubi taron, ya dubi murhun, ya dubi mutanen da ke ta sa wa surukinsa albarka da baki mai maiƙo. Ashafa ya zube ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau. Malam Ashafa, duk kai ka ciyar da waɗannan?"

"E to, Baba, ɗan abin da ya samu ne."

"Kai! Madalla, madalla, madalla. Ashe haka kake."

Madalla har uku! Ashafa ya ji kamar ya tashi sama. Bakinsa kuma, da ya saba tun safe, ya riga hankalinsa: "Bismillah, Baba."

Mutanen benci suka dubi juna, don kowa ya san abin da ke ƙarƙashin murfin. Amma suruki ba ya cin abinci gaban mijin 'yarsa, balle a titi. Tsoho ya dafa ƙirji ya ce, "Alhamdu lillahi." Tun da Iorhemba ya zauna shi kaɗai ya amsa tayin yadda Ashafa yake so, shi da aka yi gashin dominsa.

Ya shiga ciki, ya zagaya ɗakuna, ya yi addu'a, ya ɗauki jikarsa, ya sha ruwa. Ashafa yana waje yana hamdala a ɓoye. Sai ga tsoho ya fito yana gyara hula, Sailuba na biye.

"Zan koma kafin magariba, keke na jira. Nawa kason a ƙunshe mini, a gida zan ci da iyali. Tun jiya na gaya musu surukina zai gasa rago, yara ko abincin rana sun ƙi ci."

Mataki na 8: Ƙunshi dai ya yi nauyi

Kada ka firgita. Ka juya wa tsoho baya, ka ɗaga murfi kaɗan yadda kai kaɗai za ka gani. Ashafa ya kwashi doya mai zafi, ya goga ta a kan wayar ta sha maiƙon rago, ya zazzage sauran yaji, ya watsa albasa, ya naɗe a takardar siminti ninki-ninki har mai ya ɓullo ta waje, ya ɗaure a leda. Sailuba tana kallonsa, idonta kaɗai ya isa ya gasa wani ragon.

Baba Ari ya karɓa ya jinjina. "Duk wannan? Kai, Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Bai taɓa ce masa ɗana ba sai ran nan. Ashafa ya raka keke har kwana yana ɗaga hannu.

Ana idar da sallar magariba wayar Sailuba ta yi ƙara. Ta duba ta ga Baba Ari ne, ta buɗe murya yadda Ashafa zai ji, ta ajiye a gabansa. Ta cikin wayar ana jin kukan yara.

"Sailuba, mun buɗe saƙo, kowa yana nan, har maƙwabta na kira. Ki ce wa mijinki mun gode." Tsoho ya ƙara da cewa, "Ki kuma tambaye shi, ragon nan nasa a wace gona aka tono shi? Ina son irin, nawa ba sa yin ƙamshi haka."

Sanarwa

Mai wannan nasiha ya cika alkawarinsa: unguwa ta san sunanka, suruki ba zai manta ba. Abin da ya biyo baya, na gorin mata ne, ko na benci da maƙwabta suka bari a ƙofar gidanka don Asabar mai zuwa, ko na yaran Kwandere da za su riƙa nuna ka da baki a kowane biki, babu hannunsa a ciki, bai gani ba, ba ya ma gari. Mai ƙorafi kada ya kawo nan. Ya nemi rago mai rai, mai ƙaho da ƙafafu huɗu yadda ba mai musu, ya ɗora a keke da sassafe ya nufi Kwandere, zai tarar da Ashafa a hanya.