Na'urar da Ta Sa Inna Kiran Sunan Ɗan Fari

Jama'a, ranar Talata na ga ci gaba da idona, har yau ban gama farfaɗowa ba.

Maƙwabcina Labbo ya ɗauko dusar shanunsa a mashin daga Gummi, ya afka ramin nan da masu girma suka cike sau uku a rediyo. Muƙamuƙi ya karye, baki ya kumbura, ko ruwa sai an ɗiga masa da cokali. Ni da mahaifiyarsa, Inna Hawwa'u, muka kai shi wani asibiti da ba zan ambata ba.

A bakin ƙofa muka tarar da sabuwar baiwa, na'ura mai gane murya. An daina yankar kati. Bara aka bi gida-gida ana ɗaukar muryoyi, yanzu majinyaci zai faɗi sunansa ne, ta gane shi, sannan ya ga likita. A samanta an rataye takardar shaidar mallakar fasaha cikin gilashi, wai duk duniya ba wanda ya isa ya kwaikwaye ta. Na yarda. Wa ma zai so?

Ma'aikacin wurin, Sufyanu, ya ce Labbo ya matso ya faɗi sunansa.

Na ce, "Malam, dubi bakinai. Da shina iya magana, mi za ya kawo mu?"

Ya ce, "To sai wanda anka ɗauki muryatai gida guda da shi ya hwaɗi."

Na gwada sa'ata, na'ura ta ce ba ta san ni a gidansu ba. Saura Inna.

Na ji an ce ranka-ya-daɗen da suka sayo abin nan sai da suka zaga ƙasashe uku suna nazari. Allah ya ƙara basira. Da ɗayansu ya shiga cikin gida ya tambayi tsohuwarsa, da ta gaya masa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Shekara talatin da huɗu Inna na ce wa Labbo "wancan". Ko wani Labbon daban za ta ambata, sai ta ce "mai sunan wancan".

Inna ta ce, "Ɗana, rubuta da hannu mana. Ɗan hwari na, ban iyawa."

Sufyanu ya ce, "Inna, tun ranar buɗewa anka amshe muna biro."

Ta matsa ta ce wa na'ura, "Wancan na, mai shanu." Na'ura ta ce ba a gane ba.

Labbo na zaune, jini na sauka a rawaninsa, yana girgiza mata hannu kada ta yi. Amma abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗa ƙasa-ƙasa. Na'ura ta ce a ɗaga murya. Ta sake, duk zauren ya ji: "Labbo!"

Fitila ta yi kore. Labbo ya yunƙura zai amsa kiran da bai taɓa ji ba tun yana goye, baki ya ƙi buɗuwa, sai hawaye. Ni ma na yi, ba zan ɓoye muku ba.

Muka shiga. Likita mutumin kirki ne, ya duba, ya ce ai kayan aikin ɗora ƙashin fuska sun iso tun damina, su ma da tasu takardar cikin gilashi. Ga su can a akwati, ba a buɗewa sai mai girma ya sami sukunin zuwa yanka kintinkiri. Ya tura mu babban birni, ya ce mu shirya, can ma akwai irin na'urar a ƙofa.

Inna ta gyara mayafi ta ce, "Mu tai. Na riga na hwaɗi, mi ya rage?"

Wasu za su tambaye ni sunan mai girman da ake jira. Ba zan faɗa ba. Inna an ƙwace mata tata, ya kamata dai wani ya rage da kunya a garin nan.