Rasuwar Ango a Bakin Ƙofa ta Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki ɗaci, ni Attahiru Riskuwa, mai gyaran mashin a bakin tashar Bagudo, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Bagudo da Sharabi da Kamba, har da na tsallaken iyaka, rasuwar Ango. Ga wanda bai san shi ba, Ango kaset ne na wasan talabijin, ɗan abu ruwan toka da bai wuce tafin hannu ba, irin wanda ake cusawa cikin na'ura a riƙe madanni a yi ta yaƙi da dodanni. Ya rasu ranar Laraba bayan la'asar, bayan shekara talatin da biyu a hannuna. Bai bar wasiyya ba, bai kuma nemi gafarar kowa ba.

Marigayin ya shigo ƙasar nan ta iyakar Tsamiya, cikin dilar gwanjo, ranar bikin 'yancin kai, a shekarar da aka yanka mana jihar Kebbi. 'Yan makaranta na fareti a fili, ni da aminina Maliki muna rumfata muna fama da waya da batirin mota. Da hoto ya fito, sai ya yi mana gaisuwarsa ta farko, tilin-tilin-tiriri, wadda har gobe in na ji mai kama da ita a wayar wani sai gabana ya faɗi.

Ɗan mutum ne a cikinsa, da jar hula, fitila a hagu, gajeren takobi a dama. Tsibiri bakwai zai ratsa, kowane da ƙofarsa, kowace ƙofa da dodonta. Matsala ɗaya, duk maganar ciki Faransanci ce, ni kuwa ko gaisuwa ban iya da shi ba. Maliki ya yi shekara biyu a Segbana, can tsallaken iyaka inda ake Faransanci, wajen kawunsa, don haka shi ya zama tafinta. Sai ya karkata hula, ya ƙanƙance ido, ya bi rubutun da yatsa kamar alƙali na duba littafi, sannan ya faɗa mana. A bakinsa muka ji cewa ɗan mutumin masunci ne, Basarke, dodon ruwa ya sace masa amarya ranar ɗaurin aure ya ɓoye ta bayan ƙofa ta bakwai. Dalilin sunan Ango ke nan.

Za a faɗi alherinsa, don ba a rufe mamaci da sharrinsa kaɗai. Mai haƙuri ne. In ya yi gardama, a zare shi a hura masa iska kamar mai tofi, a mayar, ya tashi. Bai san ɗan hakimi ba, bai san ɗan talaka ba, duk wanda ya taka tsibiri na huɗu da girman kai sai ya ji wuuu-ɗum, ya miƙa madanni ga na baya. Ya ga bayan talabijin uku. Shekarar da kogi ya cika ya shigo mana gari, a cikin hulata ya kwana, matata Sabuwa na ta mita wai na fita da roba na bar mata kwanukanta.

Abin da ya bari a garin nan ba kaɗan ba ne. A tsibiri na uku akwai wani tsoho mai gemu da ke zaune bakin hanya, Maliki ya ce cewa yake yi mai fitila ba ya gudu. Maganar ta kama gari. 'Yan kabu-kabu suka rubuta ta a bayan mashinansu, ni na sa aka zana ta da jan fenti a saman rumfata. Ranar da ɗana Bunyaminu zai yi aure, da ita na yi masa nasiha, har idona ya kawo ruwa. Akwai magidanta biyu a Sharabi da har yau ba a san sunansu na yanka ba, Ango kawai ake ce musu.

Wata goma sha ɗaya muka yi kafin mu kai ƙofa ta bakwai. Muka isa ranar da Maliki zai tsallaka iyaka zuwa Parakou neman sana'a, motar Tsamiya ta cika, direba na ta danna oda. Rubutu ya fito a jikin ƙofar. Maliki ya daɗe yana dubawa, ya ce an rubuta ba a buɗe ta sai mutum biyun da suka faro tafiya tare suna nan, wanda duk ya tura ta shi kaɗai dodo zai haɗiye amarya. Ya ce in jira shi, bayan Salla yana nan tafe.

Jama'a, shekara talatin da ɗaya! Kowace Juma'a in an sauko masallaci nakan kunna, in ga Ango tsaye bakin ƙofa da fitilarsa, in ba shi haƙuri, in kashe. Maliki ya yi aure can, ya yi tumbi. Sau biyu ya zo, duka ta'aziyya, ya ce ba a wasa a gidan makoki, ya koma. Masu jin Faransanci kuwa kullum suna tsayawa rumfata in ɗaure musu birki, ban taɓa cewa wani ya leƙa ba. Wa ke neman tafinta na biyu alhali yana da amini?

Ciwon ajali ya faro ne daga Dela, matar Bunyaminu, 'yar Segbana ce, can ta yi bokonta. Wata Juma'a ta kawo mini fura, idonta ya faɗa kan talabijin, sai ta toshe baki da mayafi ta fita da sauri har tana tuntuɓe. Suruka ce, ba ta iya ɗaga ido ta dube ni, balle ta gyara mini karatu. Ta faɗa wa mijinta, shi ya faɗa wa uwarsa, Sabuwa ta riƙe kwana tara, sannan ta sauke mini ina tsakar cin tuwo, ba ko tausayi. Wai abin da ke jikin ƙofar shi ne: a buɗe take, danna ka shiga.

Ban yarda ba. Na sa aka rataya labule, Dela na leƙe daga baya tana karantawa, tana raɗa wa Sabuwa, Sabuwa na faɗa mini da ƙarin gishiri, ni kuma ina mayar da Ango baya tsibiri bayan tsibiri. Ashe ba masunci ba ne, ɗan aiken wani sarki ne aka tura neman ƙararrawar fada. Amarya kam babu ita, ba a taɓa yin ta ba. Tsoho mai gemu kuwa, wanda na rubuta maganarsa da jan fenti, mai sayar da man fitila ne, cewa yake mai ya ƙare, a dawo gobe. Dela ta ƙara da cewa a Segbana an san Maliki, gyaɗa yake sayarwa a ƙofar makaranta, bai taɓa shiga ciki ba.

Maliki ya ci amanata, wannan ba gardama. Amma shi marigayin fa? Ya san abin da ke rubuce a cikinsa. Juma'a sama da dubu yana kallona ina ba shi haƙuri, yana yi mini tilin-tilin-tiriri, baki ɗaya suke da Maliki. Na yi fushi, na kifa shi cikin akwati, mako biyu ko kallonsa ban yi ba.

Ranar Laraba na ce yau sai na ga abin da ke bayan ƙofar, ko da tsintsiya ce. Na kunna. Gaisuwar ta fito a shaƙe, tii, tii. Inda sunana yake, wurin da yake ajiye tafiyarmu, ya zama fili, tsibiri bakwai duk sun goge. Mai gyaran rediyo ya ce wani ɗan batiri ne kamar kwabo a cikin cikinsa ya mutu. Na hura, na goge da fetur, na sake hurawa har jiri ya ɗebe ni. Ya yi zane-zane, ya ce zuuut, shi ke nan. Angon da na yi wa gadi shekara talatin da ɗaya ya kasa jira na mako biyu.

Ya rasu ya bar na'ura ɗaya, madanni biyu, ɗaya gurgu, da mashina sun fi arba'in masu yawo da ƙarya a bayansu, da ni.

Liman ya ce ba a yi wa roba salla, mun ji mun bi. Za a binne shi ranar Asabar bayan la'asar, bayan rumfata, gindin darbejiya. Masu jin Faransanci su yi mana zumunci su tsaya daga nesa, Dela kuma an ɗauke mata zuwa. Na aika wa Maliki ta hannun direban Tsamiya, an ware masa tabarma a gaba. Ban yafe masa ba, kada wani ya je ya ce na yafe. Amma ba za a tura ƙasa ba sai ya zo ya karkata hular nan, ya ƙanƙance ido, ya gaya wa jama'a yadda Ango ya buɗe ƙofa ya iske amaryarsa. In ya ce sai bayan Salla, mashin zan hau in kai masa gawar har Parakou. Na san ƙarya zai yi. Shekara talatin da ɗaya nake jiran ta, sai na ji ƙarshenta.